Ladan kuturu: wa ke biyan masu yaba wa ƴaƴanmu wasanni?



Duk wanda ya taɓa riƙe jan bik ya san maki amana ne. Idan malami ya rubuta 8 bisa 20 a takardar yaro, uban da ke gona ko kasuwa bai ga takardar ba, bai kuma zauna cikin aji ba, amma da wannan lambar zai yanke shawara: ko ya ƙara sa ido, ko ya nemo mai koya wa yaron a gida, ko ya ce a haƙura da bokon haka nan. Abin da ya ba lambar daraja shi ne uban ya yarda ba wanda ya sayi malamin. Ranar da ya ji cewa maki na hawa da sauka gwargwadon tiyar geron da ta shiga gidan mushe, to 18 da 8 sun zama ɗaya a wurinsa.

Da wannan idon nake so mu dubi wata sana'a da yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wato aikin masu sharhi a kan wasannin bidiyo. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da ƙarancin tebura a aji, kai kuma ka zo mana da zancen wasan yara? Uzurina shi ne yaran namu ne. Free Fire da PUBG da eFootball suna cikin salular samari da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, rumfunan PlayStation kuma cike suke da yamma. Kafin yaro ya sauke wasa, ko ya kashe jika biyu wajen sayen lu'ulu'un da ake sayayya da su a cikin wasan, akwai wanda ya saurara a YouTube ko TikTok ya gaya masa abin ya cancanta. Wannan mutumin ma mai ba da maki ne, kuma a ƙasashen da ake ƙera wasannin an daɗe ana rigima a kan wanda ke biyansa.

Labarin da aka fi kafa misali da shi ya faru a Amurka cikin watan Nuwamba na 2007. Akwai wani babban shafin intanet mai suna GameSpot, aikinsa gwada sababbin wasanni da ba su maki. Ɗaya daga cikin manyan editocinsa, Jeff Gerstmann, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a wurin, ya gwada wani wasa mai suna Kane & Lynch: Dead Men, ya ba shi 6 bisa 10. A lissafinmu na aji 12 bisa 20 ke nan, makin da wani yaron zai koma gida da shi yana murna. Amma a kasuwar wasanni, inda aka saba ganin 8 da 9, shida faɗuwa ce. Matsalar ita ce kamfanin da ya fitar da wasan, Eidos, ya riga ya sayi filin talla a shafin, har hotunan wasan sun lulluɓe shi ta ko'ina. Ba a daɗe ba aka sallami Gerstmann daga aiki.

Masu shafin sun ce korar ba ta da alaƙa da masu talla. Shi kuwa bakinsa a ɗaure yake da yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Wasu abokan aikinsa suka ajiye aiki, suka haɗu da shi suka kafa nasu shafin, Giant Bomb, a 2008. Sai a watan Maris na 2012, lokacin da kamfanin da ya mallaki GameSpot ya sayi Giant Bomb, aka kwance masa baki. Ya bayyana cewa sababbin shugabannin da aka kawo a wancan lokacin ba su saba da barazanar kamfanonin wasanni ta janye kuɗin talla ba, shi ya sa suka tsorata suka sallame shi. Shekara huɗu da ƴan watanni ke nan kafin masu karatu su ji daga bakin mai abin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin nan shi ne sauran ma'aikatan irin waɗannan shafuka da suka ga abin da ya faru. Ba sai an kira kowa ofis an ce masa ya ƙara maki ba. Wanda ya ga an kori na gaba da shi a kan 6, kuma yana da iyali da kuɗin haya, hannunsa da kansa zai karkata wajen 7 idan ya zo rubutawa. Mu da ke aikin gwamnati mun san irin wannan darasi da ake koya wa mutum ɗari ta hanyar canza wa mutum ɗaya wurin aiki.

Kada mu ɗauka cewa ana ba ƴan jaridar nan kuɗi a ambulan ne su rubuta ƙarya. Igiyoyin da ke ɗaure su sun fi haka siranta. Ta farko ita ce tallar da na faɗa: mai karatu ba ya biyan ko dala, saboda haka albashin ma'aikata na fitowa ne daga talla, kuma mafi son yin talla a shafin wasanni shi ne mai sayar da wasanni. Ta biyu ita ce samun wasan da wuri. Kamfani kan aika wa ƴan jarida wasa kwanaki kafin ya shiga kasuwa, da sharaɗin kada su wallafa komai sai rana kaza da ƙarfe kaza. Shafin da bai samu ba, sai ya jira ya saya kamar kowa, kafin ya gama gwadawa masu karatu sun riga sun tafi wurin wasu. Ta uku ita ce gayyata: tikitin jirgi, ɗakin otel, hira da masu ƙera wasan. Duk waɗannan a hannun kamfani suke, yana iya bayarwa yana iya hanawa. A watan Nuwamba na 2015, babban editan shafin Kotaku, Stephen Totilo, ya rubuta cewa kamfanonin Bethesda da Ubisoft sun daina amsa musu tambaya, sun kuma daina aiko musu da wasanni, saboda sun fitar da labarin wasu wasannin da kamfanonin ba su riga sun sanar ba.

Me ya sa kamfanoni ke damuwa da maki har haka? Saboda akwai shafin Metacritic da ke tattara makin masu sharhi ya fitar da matsakaici bisa 100, kamar yadda muke fitar da matsakaicin yaro a ƙarshen zango. Wannan lambar kan shiga har cikin yarjejeniyar kuɗi. Kamfanin Obsidian ya ƙera wasan Fallout: New Vegas da ya fito a 2010, da alkawarin zai samu ƙarin lada idan matsakaicin ya kai 85. Ya tsaya a 84. Ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, Chris Avellone, shi ya faɗi haka a 2012. Maki ɗaya tak ya hana su. Duk malamin da ya taɓa zama a taron ƙarshen shekara ana muhawara a kan yaro mai 9,90 ya san yadda rabin maki ke zama dutse a wuyan mai bayarwa.

Wani lokacin ma mai sharhi ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, amma an zaɓa masa abin da zai gani ɗin. A watan Disamba na 2020 kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya fitar da Cyberpunk 2077, wasan da aka yi shekaru ana jira. Kafin fitowarsa, ƴan jarida sun samu wanda ke aiki a kwamfuta ne kawai, an kuma hana su nuna bidiyon da suka ɗauka da kansu, sai wanda kamfani ya ba su. Suka ba shi maki kusan 90. Da mutane suka saya suka sa a PlayStation 4 da Xbox One, sai suka tarar wasan cike yake da kurakurai, yana tsayawa yana mutuwa. Bayan kamar mako ɗaya kamfanin Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai watan Yuni na 2021. Wannan daidai yake da mai sayar da hatsi da ya buɗe maka bakin buhu ya ce ka duba, alhali ƙasa da tsakuwa suna can gindi.

Akwai kuma hoton da ya zama abin dariya da takaici a watan Oktoba na 2012. An ga sanannen ɗan jaridar wasanni Geoff Keighley yana hira, a gefensa ledojin abin taunawa na Doritos da kwalaben lemon Mountain Dew, kusa da shi kuma hoton tallar wasan Halo 4. Wani marubuci ɗan Sikotilan, Robert Florence, ya yi rubutu a shafin Eurogamer yana tambaya yadda ɗan jarida da ɗan talla suka zama ba a iya bambance su. Bayan wata da ya ambata cikin rubutun ta kai ƙorafi, aka cire wani ɓangare don gudun shari'a, shi kuma ya daina rubuta wa shafin. Wato wanda ya yi tambayar shi ne ya rasa wurinsa.

To, duk wannan zamanin shafuka ne masu editoci, inda aƙalla akwai bango tsakanin ofishin talla da ofishin rubutu, ko da bangon na zana ne. Yaranmu ba sa karanta waɗannan shafuka. Su bidiyo suke kallo, na saurayi ɗaya zaune a ɗakinsa yana wasa yana ihu, shi ne ɗan jaridar, shi ne editan, shi ne kuma mai karɓar kuɗin talla. Yaro yana jin sa kamar yayansa. Kamfanoni sun gane haka tun da wuri.

A 2015 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta kama kamfanin Machinima da biyan masu bidiyo don su yabi na'urar Xbox One ba tare da sun faɗa ba. Mutum biyu daga cikinsu, ɗaya ya karɓi dalar Amurka 15,000, ɗayan 30,000. A watan Yuli na 2016 hukumar ta sake fitar da irin wannan zargi a kan Warner Bros. game da wasan Middle-earth: Shadow of Mordor na 2014. An biya masu bidiyo da sharaɗin su yabi wasan, kada su nuna kurakuransa. Bayanin cewa an biya su kuwa an tura shi ƙarƙashin bidiyo, inda sai mutum ya latsa ya buɗe kafin ya gani. An kalli bidiyoyin sama da sau miliyan 5.5, daga ciki miliyan 3.7 na PewDiePie ne, ɗan ƙasar Suwidin da a lokacin ya fi kowa mabiya a YouTube. Kamfanin hukumar ta tuhuma ba shi ba, amma ku tambayi kanku: yaro nawa ne ke buɗe rubutun da ke ƙarƙashin bidiyo?

Mafi muni shi ne labarin CSGO Lotto. Wasu samari biyu masu miliyoyin mabiya, Trevor Martin da Thomas Cassell, sun riƙa yin bidiyo suna caca a wannan shafi da kayan ado na bindigogin wasan Counter-Strike, kayan da ake iya mayarwa kuɗi. Suna ci suna tsalle, suna nuna wa masu kallo yadda abin ke da sauƙi. A 2016 aka gano ashe su ne masu shafin. A watan Satumba na 2017 suka sasanta da FTC a kan dole su riƙa bayyana alaƙarsu da duk abin da suke tallatawa. Mai gidan caca ne ya zauna a kan teburinsa yana ci, yara na kallo.

Wannan ne ya sa na kawo zancen cikin ajina wata rana, lokacin da muke darasin bambanci tsakanin rubutun bayani da rubutun talla. Na tambayi yara wa suke saurara kafin su sayi abu a cikin wasa. Nan take aji ya kaure da sunayen da ban taɓa ji ba, wasu masu magana da Faransanci, wasu da Larabci, wasu da Hausa. Na ce to, da me waɗannan mutane suke cin abinci? Aka yi shiru. Can wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, «Mushe, ai shi yana ba mu lambar rangwame ne, taimakonmu yake yi.» Na ce masa, idan babanka ya je kasuwar dabbobi ya sayi rago ta hannun dillali, wa ke ba dillalin la'ada? Ya ce mai ragon. Na ce, to ka taɓa jin dillali ya ce ragon nan yana tari da dare? Aji ya fashe da dariya. Na bayyana musu cewa lambar rangwamen ita ce hanyar da mai kaya ke gane ta hannun wa ciniki ya zo, don ya ba shi kasonsa. Yaron ya daɗe yana kallon tebur, sa'an nan ya ce, «Ke nan duk wanda ya saya a cikinmu, shi ya samu?» Na ce haka ne.

Bambancin dillalin kasuwa da na salula shi ne kowa ya san dillalin kasuwa dillali ne. Haka maroƙi: idan ya tsaya a gidan biki yana wasa mai gida, ba wanda ke ɗaukar kirarinsa a matsayin shaida gaban alƙali, domin kuɗin da ake liƙa masa a bainar jama'a ake yi. Al'adarmu ba ta hana yabo don lada ba, amma ta ba mai yinsa suna da wurin tsayawa. Abin da ke damuna da dillalin salula shi ne yana zuwa da rigar aboki, kuma waɗanda yake yi wa magana ƴan shekara goma sha biyu ne.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Mai sharhi shi ma yana da ciki, kuma mu masu kallo ba mu son biya. Wanda ya yini yana gwada wasa, ya sayi megas, ya sayi na'ura, dole wani ya biya shi. Ba duk wanda aka ɗauki nauyinsa ne maƙaryaci ba, akwai masu karɓar talla kuma su faɗi aibin kaya. Ko labaran da na kawo a sama, ƴan jaridar wasannin da masu bidiyo ne suka tono da yawansu. Sai dai Bahaushe ya riga ya gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ba na neman a hana cin ladan. Ina neman a gaya wa mai kallo an ci, tun a farkon magana, da harshen da yake ji, don ya san yadda zai auna abin da ya biyo baya.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan doka. A Faransa, dokar 9 ga watan Yuni na 2023 ta wajabta wa masu tallata kaya a kafafen sada zumunta su rubuta ƙarara cewa talla ce, wanda ya ɓoye kuma yana iya fuskantar ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000, kusan miliyan 197 ke nan na sefa. Wannan ya shafe mu, domin wasu daga cikin bidiyoyin da yaranmu ke kallo daga can suke zuwa, kuma yaron da ya iya karanta Faransanci zai iya koyon neman wannan alamar. Amma mai bidiyon da ke zaune a wata ƙasa da dokar ba ta kai gare shi ba, ba mai tilasta masa. A nan aikin ya dawo kanmu.

Ga iyaye, shawarata mai sauƙi ce. Ƙwace salula ba ya koya wa yaro komai, zai je ya kalla a ta abokinsa. Ranar da ya zo neman kuɗin lu'ulu'u, zauna da shi ka ce ya nuna maka bidiyon da ya sa shi son abin. Ku kalla tare. Ka tambaye shi: mutumin nan ya taɓa kushe wani abu na wannan kamfanin? Kayan da yake nunawa saye ya yi ko ba shi aka yi? In ka saya, me shi zai samu? Ko ba ka san kan wasan ba, ka san kasuwa, kuma wannan ilimin yaron ke buƙata. Ga malamai kuwa, minti ashirin cikin darasin karatu ya isa. Yaron da ya koyi tambayar wa ya biya mai yabon wasa, gobe zai yi wa mai tallar maganin ƙarfi da mai tallar ɗan takara da mai alkawarin aiki a ƙasar waje irin wannan tambayar.

Sai dai ba za mu koyar da abin da ba mu riƙe ba. Mu ma ana kawo mana. Wakilin wani mai buga littattafan shirin jarrabawa ya taɓa zuwa makarantarmu, ya raba wa malamai littafi kyauta, ya ce duk ajin da ya sayi ashirin akwai ɗan kuɗin mai ga malaminsa. Littafin ba shi da laifi sosai, amma da na tsaya gaban yara na ce shi ne mafi kyau, da su da iyayensu ba za su san bakin malami ne ke magana ko bakin ɗan kamasho ba. Na mayar masa da littafinsa. Haka zancen darasin gida da ake biya: ɗalibin da ke zuwa wurinka da yamma, kai ne kuma za ka gyara takardarsa da safe. Kowa ya duba zuciyarsa.

Malamanmu na addini suna yawan kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Manzon Allah ya hau mimbari ya nuna cewa mutum ya zauna a gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta same shi a can. Wannan ma'auni ya isa ɗan jaridar da aka aiko wa tikitin jirgi, ya isa saurayin da aka aiko wa lu'ulu'u kyauta don ya nuna a TikTok, ya kuma isa malamin da aka aiko wa zabbi ana saura mako ɗaya jarrabawa. In ba don kujerar da mutum yake kai ba, da mutanen da suka amince da bakinsa, da wa zai aiko masa?

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana.